Alawayyon Tace Ruwa

Shekarata ashirin da huɗu lokacin da na gama makarantar koyon aikin lafiya a Kano, a farkon shekarun tamanin. Ba ni na zo na ɗaya a ajinmu ba, amma ina cikin na gaba-gaba, kuma ina son kowa ya san haka. A wancan lokaci makarantar takan tura kaɗan daga cikin waɗanda suka gama zuwa maƙwabtan ƙasashe su yi wata shida na sanin makamar aiki. Da aka kafe sunaye na ga an tura ni Nijar, wani gari wai shi Tanut, arewa da Damagaram. Raina bai so ba. Na so a ce inda zan hau jirgi aka tura ni. Sai na lallashi kaina da cewa ai koyarwa zan je yi, don ban ga abin da mutanen can za su koya mini ba.

Daga Damagaram na hau bayan babbar mota, wadda su suke kira kamyo, muka yini muna tafiya cikin yashi. A Tanut wanda ya karɓe ni shi ne shugaban ƙaramin asibitin garin, da kowa ke kira Majo. Mutumin Damagaram ne, gajere, ya haura hamsin, ba ya ɗaga murya. Da takarda Faransanci yake yi, da mutane kuwa Hausa, in Buzu ya zo ya juya harshe, in Bafulatana ta zo da ɗanta ya lallaɓa da Fulatanci. Ya ba ni ɗaki a bayan asibitin, matarsa kuma take aiko mini da abinci safe da yamma.

Hausa ɗaya muke yi da mutanen garin, amma kullum sai an tuna mini ni baƙo ne. Asibiti su likita suke ce masa, makaranta lakwal, mota mato. Takardun aiki duk da Faransanci suke, ni kuwa ban san ko kalma goma ba. Maimakon in ce a koya mini, sai in riƙe takarda ina gyaɗa kai. Na san Majo ya gane, don yakan karanta da ƙarfi, ya fassara, kamar da kansa yake magana. Da la'asar nakan zauna da ma'aikatan gari, malaman lakwal da wani jandarma, wato ɗan sandan can, ana dafa shayi a ƙaramar buta, ni kuma ina ba su labarin titunan Kano da talabijin. Har gyara musu Hausa nake yi. Suna dariya, suna miƙo mini kofi. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in rufe fuska.

Da damina ta faɗi aikin da aka ba ni ya fito, wato kurkunu. Rijiyoyin Damargu, wato yankin da Tanut take, zurfi gare su na ban mamaki, sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya ya ja guga. Saboda haka da zarar ruwan sama ya cika tabkuna sai mutane su huta da rijiya, su koma shan na tabki. A cikinsa ƙwayar kurkunu take. Mutum ya sha bana, sai baɗi war haka tsutsar ta huda ƙafa ta fito, daidai lokacin da gona take neman mai ita. Maganin abin shi ne a tace ruwa da ƙyalle mai ƙaramin ido kafin a sha. Aka ba ni bandir biyu na farin alawayyo, aka ce in zaɓi ƙauye ɗaya in gwada.

Majo ya zaɓar mini wani ƙauye gaba da Ollelewa, inda ya san wani dattijo da matarsa tun shekaru. Dattijon da kansa ya zo kasuwar Ollelewa da amalanken shanu ya ɗauke ni da kayana. Tun a hanya ya ce in riƙa ce masa Baba. Matarsa kuwa na ce mata Inna, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai ɗana. 'Ya'yansu maza biyu sun tafi neman abinci tun bara ba su dawo ba, sai suka ba ni bukkar babban. Inna ta share ta, ta shimfiɗa sabon yashi. Da safe kunu, da rana fura da nonon da take karɓowa a wurin Fulanin da suka sauka bayan gari, da yamma tuwon gero. Ta lura ba na cin miyar sosai, sai ta riƙa sa mini man shanu a nawa ni kaɗai. Kwana goma na yi a gidan.

Ran kwana na uku maigari ya tara mini mutane a gindin wata aduwa. Na ɗebo ruwan tabki a kwalba, na ɗaga ta saitin rana, na ce kowa ya matso ya duba. Suka ga ƙananan abubuwa fari-fari suna wutsil-wutsil a ciki. Mata suka riƙa salati. Na tace ruwan a gabansu, na sake ɗagawa, ba komai. A nan na ji kaina ya yi girma. Na yanka alawayyon, kowane gida kamu biyu, na ce a ɗaure a bakin tulu, kada a yi komai da shi sai tace ruwa. Wani tsoho ya karɓi nasa, ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce, "Malam, wannan ai na tafiya ne." Mutane suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Tun ranar da ya ɗauko ni Baba yake ɗingishi. Ana jibi zan tafi ƙurjin da ke idon sawunsa ya fashe, kan tsutsar ya leƙo. Ya nannaɗe shi a tsinke kamar yadda suka saba, kullum ya ja kaɗan. Duk da haka sai ya ɗauki hauya ya tafi gona, don ba mai yi masa noman. Na wanke masa ciwon, na ɗaure da ɗan bandejin da ya rage a jakata. Na ga yadda ƙasa da kashin dabbobi suke shiga wurin, kuma an koya mana abin da hakan kan jawo. Na ce masa, "Baba, ranar kasuwa mai zuwa zan dawo maka da allura da bandeji. Kada ka bari ƙasa ta taɓa wurin." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, manomi da ƙasa? To, Allah ya kawo ka." Da ƙafar nan ya mai da ni Ollelewa a amalanke.

Ban koma ranar kasuwar ba. Satin farko ruwa ne ya ɓata hanya, wannan gaskiya ne. Amma sati na biyu hanya ta bushe. Abin da ya faru shi ne labari ya zo cewa babban likita na Damagaram, wanda suke kira Lokotoro, zai zo zagaye, kuma zai je ya ga aikina da idonsa. Shi ne zai sa hannu a takardar da zan koma da ita gida. Sai na duƙufa. Na samo babbar takarda na zana taswirar ƙauyen, kowane gida da alamarsa, tabki da shuɗin fenti, gidajen masu kurkunu da ja. Gidan Baba ma na ɗiga masa ja. Na haddace jimloli uku na Faransanci da zan tari Lokotoro da su. Sau biyu Majo yana tambayata, "Malam, yaushe za ka leƙa tsohon nan?" Nakan ce ai tare da Lokotoro za mu je, sai a yi gaba ɗaya. Zuwan nasa kuma aka yi ta ɗagawa. Sati biyar suka wuce.

Ranar da ya zo na sa farar rigar aikina da na goge tun daren da ya gabata. Lokotoro dogo ne, siriri, mai furfura a gefen kai, kuma da Hausa ya gaishe ni, jimlolina suka tashi a banza. Muka shiga motarsa mu uku da direba, muka isa ƙauyen da hantsi. Majo ya ce mu fara zuwa wurin maigari. Na ce maigari yana gona yanzu, kada mu ɓata wa Lokotoro lokaci. Na wuce gaba da taswirata a hammata.

Gidan farko ƙyalle yana ɗaure a bakin tulu, ya yi ja saboda aiki. Na kalli Lokotoro, ya gyaɗa kai. Gida na biyu babu. Na tambayi matar gidan, ta sunkuyar da kai. Na uku babu. Na huɗu ma haka. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu je gidan da na sauka. Su na zauna da su na koya musu da kaina."

Sallamar da na yi rabi ce, ban jira an amsa ba na shige. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta lulluɓa da wani tsohon zane, mata uku ko huɗu suna zaune kusa da ita. Da rana tsaka, da damina, mata zaune ba sa aikin komai. Ya kamata wannan kaɗai ya tsayar da ni. Amma idona yana kan tulu, bakin tulun kuwa faifai ne kawai a kai.

Inna ta ɗago ta ce, "Maraba, ɗana. Ka sha hanya."

Na ce, "Inna, ina ƙyallen da na ba ki?"

Ta ce, "Ku zauna tukuna a kawo muku ruwa."

"Wane ruwa? Wanda ba a tace ba? Har ke, Inna? Kwana goma ina gidan nan ina yi muku bayani. Ko kasuwa kuka kai kuka sayar?" Na juya wajen Lokotoro na ce, da Hausar da kowa ke ji, "Ka gani, ranka ya daɗe. Haka mutanen nan suke. Ka kawo musu abin da zai cece su, su watsar." Majo ya taɓa hannuna, na janye. Na ce, "Ina Baba? A kira mini shi, da shi zan yi magana."

Inna ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Babanka ya riga mu gidan gaskiya, ɗana. Yau kwana tara."

Ɗaya daga cikin matan, wata maƙwabciyarsu mai kaifin baki, ta ce, "Ƙyallenka kake nema? Yana jikinsa. Da asuba ya cika, ranar ba kasuwa, ga ruwa ya cika ƙorama, ba mai iya zuwa Ollelewa. Gidan nan ba ko taƙi na farin yadi. Muka bi gida-gida, kowa ta kwance nata daga tulu, muka wanke, maza suka ɗinke. Da shi aka rufe shi. In laifi ne, mu muka yi."

Inna ta ce, "Ya isa. Baƙo ne, bai sani ba."

A lokacin maganar tsohon nan ta gindin aduwa ta faɗo mini. Alawayyo ai da shi ake likkafani, har a Kano. Na sani sarai, ban dai taɓa haɗa su ba.

Lokotoro bai kalle ni ba. Ya cire takalmansa, ya zauna a gefen tabarma, ya ɗaga hannu. Majo ma ya zauna. Suka yi wa mamaci addu'a, suka yi wa Inna ta'aziyya yadda ake yi, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, tana amsawa. Ni kuwa ina tsaye da farar riga da taswira a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Daga baya na durƙusa a kan yashi, can gefe.

Lokotoro ya tambayi yadda ciwon ya kasance. Maƙwabciyar ta ce tsutsar ce ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura. Bayan kwanaki haƙoransa suka sarƙe, ko kunu ba ya wucewa, jikinsa ya riƙa sandarewa. Kwana huɗu ya yi a haka. Lokotoro da Majo suka kalli juna. Ni na riga na san sunan ciwon, har tambayarsa aka yi mana a jarrabawa, na kuma ci.

Inna ta miƙe da kanta ta ɗebo ruwa a ƙwarya. Ta fara kai wa manya, sannan ta zo ta durƙusa gabana. Ta ce, "Sha, ɗana, kada ka ji tsoro. Na tace da gefen mayafina. Tun da ka faɗa mana ban bari ba." Na karɓa na sha. Sai ta ƙara da cewa, "Ya yi ta cigiyarka. Duk ranar kasuwa sai ya ce hanya ce ba kyau, da yaron nan ya zo."

Muka kama hanyar komawa har muka wuce Ollelewa. Can Lokotoro ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A makarantarku ba a koya muku gaisuwa kafin aiki?" Na ce ana koyarwa. Ya ce, "To." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Bai san zancen allurar ba, don ban faɗa masa ba.

Majo kuwa ya sani, don na faɗa masa tun ranar da na dawo daga ƙauyen. Washegari da safe, muna wanke kayan aiki kafin marasa lafiya su taru, na tambaye shi, "Majo, da na kai allurar, da ya tashi?"

Ya ci gaba da wanki, ya ce, "Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Kwanansa ne ya ƙare. Ni ma da ka ƙi zuwa ai ina da ƙafa, ban je ba, ina da nawa kason." Ya ɗauraye hannu, ya ce, "Amma da ya gan ka, Malam. Ka ce masa za ka zo."

Na rubuta rahotona da Turanci, wani malamin lakwal ya juya mini shi Faransanci. A ciki na ce wasu gidaje sun yi amfani da ƙyallen wajen wata buƙata ta gaggawa, don haka ina ba da shawara a riƙa raba yadi mai launi. Ban rubuta komai a kan Baba ba, balle alkawarin da na yi masa. Lokotoro ya yaba da shawarar, ya aiko da shuɗin yadi, ya kuma sa hannu a takardata da kalmomi masu kyau. Da wannan takarda na sami aikina na farko.

Ni na kai shuɗin yadin ƙauyen, ana gab da girbi. Wannan karon na fara da gidan maigari, na zauna aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na roƙi a kai ni maƙabarta, aka nuna mini kabarin, ƙaya a kansa saboda dabbobi. Daga nan na je wurin Inna, tana cikin takaba har lokacin. Maƙwabta ne suka ƙarasa mata noman gonar. Na miƙa mata nata yadin, ta juya shi a hannu, ta ce, "To, wannan kam ba mai ɗinke shi." Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ta gani ta faɗa. Amma na ji maganar har cikin ƙashina, don dabarar tawa ce, kuma dabarar hana matalauci likkafani ce.

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Me ka yi mini?"

Na ce, "Maganar da na faɗa ranar nan. Da kuma Baba, na ce zan dawo ban dawo ba."

Ta ce, "Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba, don a gaban manya ka faɗe ta. Amma ta wuce. Shi kuwa Babanka bai riƙe ka ba, ni ce zan riƙe ka? Kai yaro ne, ka yi nisa da uwarka. Ka ci abinci?"

Na kwana biyu a bukkar da ta ba ni da farko. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, har gidan maƙwabciyar nan, wadda ta karɓi yadin ba ta ce mini uffan ba, kuma ban ga laifinta ba. Da zan tafi Inna ta ƙulla mini garin fura a tsumma, ta ce in sha a hanya. Ba ta raka ni ba saboda takaba, daga ƙofar ɗaki ta tsaya.

Sauran watannin na yi su a Tanut ina bin Majo, ina yin abin da ya sa ni. Na ce ya koya mini karanta takardun, ya koya mini. Wurin shan shayi na rage surutu, har jandarman nan ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Bayan na koma gida da kamar shekara na rubuta wa Majo wasiƙa, na tambayi Inna. Amsarsa ta zo a rabin shafi. Ya ce ƙaramin ɗanta ya dawo bayan girbi, ya ɗauke ta sun koma wajen dangin matarsa a yankin Tenhya, kuma da ta tafi lafiyarta ƙalau. Ya ce a ƙauyen wasu suna tacewa, wasu sun bari. Ban sake rubuta masa ba, ban kuma sake jin labarinta ba.